Tambaya da Amsa: Ram irin na sojojin ruwa, yadda ake ɗanɗana shi da yadda ake yanke masa hukunci

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ga abu ɗaya: ram, wato barasar da ake tacewa daga rake, musamman baƙin nan mai ƙarfi da ake dangantawa da sojojin ruwan Birtaniya, wanda kamfanoni kan fitar da shi a kwalabe ƙidayayyu su ce in sun ƙare shi ke nan. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya.

Tambaya: Barkanku da aiki. Na ga kwalbar ram da aka rubuta mata cewa irin na sojojin ruwa ne, ƙarfinsa, wato tsantsar barasar da ke cikinsa, kashi 54.5 cikin ɗari, kuma kwalba 3,000 kacal aka yi. Shin irin wanda sojojin suka sha ne da gaske, ko dai suna ne kawai?

Amsa: Malam, yawanci suna ne, amma sunan yana da tushe. Bayan da Ingila ta ƙwace tsibirin Jamaika a 1655, jiragen yaƙinta da ke yankin Karebiyan suka fara raba wa matuƙa ram a maimakon giyar hatsi, domin ita takan lalace a doguwar tafiya, shi kuwa ram ba ya lalacewa. Rabon ya kai rabin fayint a rana, wato wajen rubu'in lita, har sai da Admiral Edward Vernon ya ba da umarni a watan Agustan 1740 cewa a riƙa sirka shi da ruwa, kashi ɗaya na ram da huɗu na ruwa, a raba sau biyu a yini. An rage rabon da rabi a 1824, aka sake rage shi da rabi a 1850, ya tsaya a kusan mililita 71. Haka aka ci gaba har ranar 31 ga Yulin 1970, lokacin da hukumar rundunar ta dakatar da shi saboda tana ganin bai dace da masu sarrafa injuna da makamai na zamani ba. Kanada ta bi sahu a 1972, Niyu Zilan kuma sai a 1990.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa wancan ram ɗin haɗi ne, ba daga matata ɗaya yake ba. Ƙashin bayansa na yankin Demerara ne a ƙasar Gayana, sai na Tirinidad, sannan na Barbados da na Jamaika suna shiga gwargwadon zamani da abin da aka samu. Kamfanin dillancin nan ED&F Man ne ya riƙa samo wa rundunar tun daga 1784 har aka daina. Ana kai shi ma'ajiyar abincin sojojin ruwa da ke Deptford a Landan, a zuba a manyan rumbunan katako da ba a taɓa kwashe su ƙarƙaf, sabo yana hawa kan tsoho.

Yau babu wata doka da ta fayyace abin da za a kira ram irin na sojojin ruwa. Kowa na iya rubuta shi. Ragowar ainihin na rundunar, wanda aka adana a tulunan dutse masu rigar saƙa, an fitar da wani kaso nasa kasuwa a 2010 da sunan Black Tot Last Consignment, a ƙarfin kashi 54.3. Kamfanin Pusser's kuma, wanda aka kafa a 1979, yana sayar da haɗin da ya ce ya bi tsarin rundunar. Sauran duk kwaikwayo ne, wasu na ƙwarai, wasu kuwa ram ne mai arha da aka rina. Abin da za ka nema a kwalbarka ke nan: shin akwai nauyin Demerara a cikinta, kuma sauran da aka haɗa sun zauna da shi lafiya?

Tambaya: Wasu kwalabe na ce kashi 54.5, wasu 57, kuma kowa na cewa nasa ne ƙarfin sojojin ruwa. Wane ne mai gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, lambobi biyun daga tsohon ma'aunin Birtaniya suka fito. A wancan ma'auni, barasar da ta cika awo ɗari daidai take da kashi 57.15 cikin ɗari a lissafin yau. Ita ce ake ba da labarin cewa in an jiƙa albarushi da ita aka kyasta wuta zai kama, in ta gaza haka kuwa ba zai kama ba. Daga 1816 hukuma ta karɓi ma'aunin da Bartholomew Sikes ya ƙera, mai auna nauyin ruwa. Rundunar kuwa ta tsayar da rabonta a awo huɗu da rabi ƙasa da ɗari, wato 95.5, wanda ya zo daidai da kashi 54.5. To, in tarihin abin da aka zuba wa matuƙa ake magana, 54.5 ne. In kuma cikar tsohon awo ake nufi, 57 ne. A baki bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba shaidar inganci ba ce. Amfanin ƙarfin shi ne yana riƙe da sinadaran ƙamshi masu maiƙo da kan ragu in an sirka barasa sosai a matata, ya kuma bar wa mai ɗanɗanawa damar sirkawa da kansa.

Tambaya: Ranku ya daɗe, duk lokacin da na kai hanci kan ram mai ƙarfi ba na jin komai sai yaji, a baki kuma sai ƙuna. Masana na lissafo zabibi da kofi da fata, ni ban taɓa jin ko ɗaya ba. Hancina ne ba shi da kyau?

Amsa: Hancinka lafiya lau, Malam. Hanyar ce ke buƙatar gyara, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan.

Fara da kofi. Kana buƙatar na gilashi marar launi, mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin su Glencairn ko ƙaramin kofin nan mai ƙafa da masu haɗa barasa ke aiki da shi. Tambulan mai faɗin baki yana watsar da ƙamshi, babban kofi mai tumbi kuma yana tara tururin barasa ya buge ka da shi. A ɗauraye shi da ruwa zalla a bar shi ya bushe da kansa, domin ƙamshin sabulu da na tsumma suna maƙalewa a gilashi. Sansana kofin tun babu komai a ciki. In ka ji wani abu, sake wankewa.

Sai kai kanka. Awa ɗaya kafin nan ka guji taba, kofi, abinci mai yaji da man goge baki. Kada ka sa turare, kada a yi girki a ɗakin. Ram ɗin ya kasance tsakanin digiri 18 da 20. In ya fi haka ɗumi, barasar ce za ta fara tashi ta rufe komai. In ya yi sanyi, ƙamshin zai kulle. Ƙanƙara ba ta shiga wannan aiki.

Zuba mililita 20, ka bar shi minti 10 zuwa 15 ba ka taɓa ba. Nan mafi yawan mutane ke yin kuskure, domin tururin da ke fara tashi daga sabon zubi shi ne mafi kaifi. Kada ka jujjuya kofin da ƙarfi yadda ake yi wa giyar inabi. Ka ɗan karkata shi kawai, ka mirgina a hankali ya jiƙa bango.

Wajen sansanawa, riƙe kofin a daidai haɓa, ka taho da shi sannu har ka fara jin wani abu, ka tsaya nan. Bar bakinka a ɗan buɗe, ka ja numfashi gajere sau biyu ko uku, ka janye. In ka tura hanci ciki ka zuƙa da ƙarfi, barasar za ta kashe maka jijiyoyin hanci na 'yan mintoci, kuma duk abin da ka sansana bayan nan aikin banza ne. Ka gwada bakin kofin na sama da na ƙasa in ka karkata shi: ƙamshi marar nauyi, irin na 'ya'yan itace, ya fi fita ta sama, mai nauyi kamar na katako da hayaƙi yana ƙasa. In hancin ya gaji, sansana bayan hannunka ko hannun rigarka, ka huta minti ɗaya.

Kurɓin farko ƙarami ne ƙwarai, abin da zai jiƙa harshe kawai, kuma ba a yanke hukunci da shi. Aikinsa ya sabar wa baki da ƙarfin. Jira daƙiƙa 30. Kurɓi na biyu, kamar rabin ƙaramin cokali, ka riƙe shi daƙiƙa 10, ka bar yawu ya sirka shi, ka zagaya da shi ko'ina a baki. Lura da abu uku bi da bi: kaurinsa, ko yana da maiƙo ko tsinkakke ne, abin da ya fara zuwa da abin da ya biyo baya, da kuma inda zafin yake. Ɗumi da ke bazuwa a hankali alama ce mai kyau. Raɗaɗi mai tsini a gefen harshe da maƙogwaro yakan nuna ram ɗin yaro ne, wato bai daɗe a gangar katakon da ake kwantar da shi ba, ko ba a tace shi da kyau ba. Bayan ka tofar ko ka haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Yawancin abin da mutane ke kira ɗanɗano a nan yake fitowa, don ƙamshi ne da ke bi ta bayan maƙogwaro zuwa hanci.

Daga nan ka ƙirga tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna. Wanda ya ɓace kafin daƙiƙa 15 gajere ne. Ram mai kyau na wannan salo yakan wuce minti ɗaya, kuma yana canzawa a hanya. Ka bambanta wanda ya daɗe da wanda zafinsa ne kawai ya daɗe.

Kada ka wanke kofin nan take. Ajiye shi awa ɗaya ka dawo ka sansana. Barasar ta tafi, abin da ya rage shi ne gaskiyar ram ɗin: katako, busassun 'ya'yan itace, taba, ko kuwa danƙon sukari kawai.

Tambaya: Ni mace ce mai aikin haɗa abin sha a otal. Wani abokin aiki ya ce zuba wa ram mai tsada ruwa ɓarna ce. Na zuba kuma sai na ga ya yi hazo. Na lalata shi ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki lalata komai ba. Ƙananan matuƙa ma a shekarun ƙarshe da ruwa kashi biyu ake ba su nasu, manyansu ne kawai ke karɓar shi tsagwaronsa. Masu haɗa barasa a matatu kuwa sukan sirka samfuri har ya sauko wajen kashi 20 kafin su sansana, domin a nan ne aibi ba ya samun wurin ɓuya.

Lissafin mai sauƙi ne. Ki ninka yawan ram da ƙarfinsa, ki raba da ƙarfin da kike so, ki cire yawan da kika fara da shi. Mililita 20 mai ƙarfin 54.5, in kina son 46, ruwan da za ki ƙara bai kai mililita 4 ba. In 40 kike so, kusan 7. In kuma irin na masu bincike ne, mililita 30 zai kai ki wajen 22. Amma kada ki zuba a tashi ɗaya. Ki ɗanɗana shi yadda yake tukuna, sannan ki ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan da sirinji ko ƙaramin cokali, kina jiran minti biyu bayan kowane ƙari. Ruwan ya zama marar sanyi, marar gas, marar warin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ram mai jiki yana buɗewa da ruwa, sababbin ƙamshi su fito. Wanda launi da ƙarfi ne kawai ke riƙe da shi sai ya koma salam, ko ɗaci ya taso. Wannan gwaji ne mai kyau ƙwarai.

Hazon kuwa sinadarai ne masu maiƙo da ke narke a barasa mai ƙarfi, su fito fili in ƙarfin ya sauko ƙasa da kamar kashi 46 ko in an sanyaya. Yana nuna cewa ba a tace su an fitar a matata ba. Mu a wurinmu abin so ne.

Tambaya: Ta yaya mutum zai gane ƙasar da kowane ɓangare na haɗin ya fito, alhali duk suna kofi ɗaya?

Amsa: Da sabo ne, Malam, amma kowane yanki yana da tambarinsa, kuma dalilin yana cikin tukunyar da aka tace shi.

Na Gayana shi ne mai nauyi. A matatar Diamond har yau ana aiki da tsohuwar tukunyar Port Mourant, tagwaye ce, jikinta na katako, asalinta tun 1732, tare da ta Versailles da kuma doguwar tukunyar katako mai kama da hasumiya ta Enmore. Jan ƙarfe, wanda aka saba ƙera tukunyar tacewa da shi, yana tsotse wasu sinadarai masu nauyi daga tururi. Tukunyar katako ba ta da shi sai a wuya, saboda haka da yawansu suna wucewa su shiga ram ɗin. Abin da za ka ji shi ne maiƙo a baki, zabibi da busasshen dabino, ƙonannen sukari, kofi, wani ɗan ƙauri, da ƙamshin fensir da aka fere yanzu. In wannan babu shi, to ko me aka rubuta a kwalba, salon bai cika ba.

Na Jamaika da hanci ake kama shi tun daga nesa: ayaba da ta nuna ta wuce, abarba, zaitun, wani lokaci har da warin gam. Sanadinsa sinadaran da ake kira esta, waɗanda ke samuwa in an bar ruwan ya daɗe yana tsima, ana ƙara masa ragowar tukunyar da ta gabata. Matatu irin su Hampden da Long Pond sun yi suna a kan haka, kuma dokar ƙasar ta ƙayyade iyakar esta a giram 1,600 cikin kowace lita ɗari ta tsantsar barasa. Kaɗan daga irin wannan yana ɗaga haɗi gaba ɗaya. In ya yi yawa sai ya danne kowa, ka tashi da ram ɗin Jamaika mai baƙin launi, ba na sojojin ruwa ba. Wannan shi ne kuskuren da muka fi gani a sababbin fitowa, domin ƙamshin yana burge mutum a kurɓin farko.

Na Barbados, daga matatu irin su Foursquare da Mount Gay, shi ne mai sulhu: kwakwa, banila, ɓawon lemo, kirfa. Ba ya ɗaga murya, amma shi ke cike tsakiya. Na Tirinidad na yau marar nauyi ne. Tsohon na matatar Caroni kuwa, wadda aka rufe a farkon shekarun 2000, yana da warin kwalta da man inji da ba a mantawa, kuma tunda ba a ƙara yin sa, ɗan kaɗan da aka sa a haɗi yakan zama dalilin tsadarsa.

Hanyar koyo ita ce ka samu ƙananan samfura na kowane yanki shi kaɗai, ka jera su kusa da haɗin, ka riƙa komawa tsakaninsu. Bayan zama biyu ko uku hanci zai fara rarrabewa. Sai dai ka tuna, haɗi mai kyau ba ya barin ka ji ɗinki. In kana jin Jamaika a hanci, Gayana a baki, sannan babu komai a ƙarshe, ba a ba su lokacin da za su saje ba, ko kuwa mai haɗin bai daidaita awonsa ba.

Tambaya: Kwalbata baƙa ce wuluk, kuma in na karkata kofi sai ɗigo ya riƙa gangarowa a hankali. An ce mini alamar tsufa ce. Haka ne? Kuma yana da zaƙi sosai.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Duk ram fari yake fitowa daga tukunya. Ganga tana ba shi launi daga ruwan zuma zuwa ja mai duhu, amma baƙi wuluk kusan kullum daga ƙonannen sukarin rini ne, wanda ake kira E150a. Dokar Tarayyar Turai ta yarda da shi don daidaita launi, kuma a wannan salo tsohuwar al'ada ce, har a Gayana akan zuba shi tun a ganga. Kaɗan ba laifi. In ya yi yawa za ka ji wani ɗaci mai ƙauri a ƙarshen harshe wanda ba ya canzawa. Ɗigon da ke gangarowa kuma yana faruwa ne saboda barasa ta fi ruwa saurin tashi daga bangon kofi. Ƙarfi yake nunawa, wani lokaci da sukari, ba shekaru ba.

Zaƙin ne ya fi cancantar bincike. Tacewa ba ta wucewa da sukari, ko da daga rake aka faro. Ganga tana ba da ɗan gardi, amma zaƙin da ke manne wa leɓe ƙari ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta fara aiki a 2021, ta ce abin da ya wuce giram 20 na kayan zaƙi a lita ba za a kira shi ram ba. Gwaji mai sauƙi: ɗiga kaɗan a tafin hannu, ka murza har ya bushe. In hannun ya yi danƙo, akwai sukari.

In kana son lamba, nemi ma'aunin ƙarfin barasa, wato sandar gilashin nan da ke yawo a ruwa, wanda awonsa ya ƙunshi 50 zuwa 60, da dogon bututun awo mai ɗaukar mililita 100 ko fiye, da ma'aunin zafi. Kai ram ɗin digiri 20 daidai, domin a nan aka saita ma'aunin, kuma digiri uku na kuskure yana iya karkatar da sakamako da kusan maki ɗaya. Sa sandar a hankali, ka ɗan juya ta kumfa ya rabu da ita, kada ta jingina da bango, ka karanta a daidai shimfiɗar ruwan. Sukari yana ƙara wa ruwa nauyi, sai ma'aunin ya nuna ƙasa da abin da ke jikin kwalba. A ƙarfin 54.5, kowane maki ɗaya da ya ɓace kusan giram 5 ne na sukari a lita. In ka karanta 54, ba komai, abin da ganga ta zuba ne. In ka karanta 50, an kai bakin iyakar doka. Ram ɗin da ka auna bai ɓaci ba, mayar da shi kwalba.

Sukari ba guba ba ne, kuma akwai masu son sa. Damuwarmu ita ce yana rufe kaifin ram yaro, ya sa a biya kuɗin tsoho a kansa.

Tambaya: To in haka ne, mene ne amfanin cewa kwalabe ƙidayayyu ne? Me zan duba kafin in yarda ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Malam, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙarancin kwalabe shi ma babu dokar da ta fayyace shi. Mai kamfani ne ke yanke adadin da ya ga dama. Akwati mai kyau da hoton jirgin ruwa da igiya a wuyan kwalba ba sa shiga kofi.

Abin da ke da nauyi shi ne bayanin da aka yarda aka rubuta. Mai haɗin da ya amince da aikinsa zai faɗi ƙasashe da matatu, kason kowanne cikin ɗari, irin tukunya, shekarun kowane ɓangare, irin gangar, da ko an ƙara launi ko sukari. A dokar Turai, in an rubuta shekaru, na mafi ƙanƙanta a haɗin ake nufi. Saboda haka ka yi hattara da babbar lamba da ke tsaye ita kaɗai ba kalmar shekara a gefenta, da kuma maganar cewa akwai ram mai shekara kaza a ciki ba a faɗi nawa ne kasonsa ba. Cokali ɗaya ma a cikin rumbu ya isa a yi wannan iƙirari.

Duba kuma inda ya kwanta. A zafin Karebiyan ganga takan yi asarar kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari a shekara ta hanyar tururi, a sanyin Turai kuwa kusan 2 ne. Shekara 10 a Gayana ta fi shekara 10 a Ingila shigar katako nesa ba kusa ba. Wannan ba ya nufin ta fi kyau kullum, don ram da ya wuce lokacinsa a ganga yana yin bauri har ya busar da dasashi.

Akwai lissafin da ke tona asiri. Gangar Amurka da aka fi amfani da ita tana ɗaukar kusan lita 200, wato ko ba ta yi asarar ɗigo ba, ba za ta ba da fiye da kwalba 285 masu mililita 700 ba. In an ce daga ganga ɗaya ne, ba a sirka ba, ya shekara 15 a ƙasa mai zafi, sannan aka ce kwalba 500, to ko gangar babba ce ta daban, wanda ya kamata a faɗa, ko maganar ba ta tsaya ba.

Hukuncin ƙarshe kuwa a makance ake yin sa. Ka sa wani ya zuba maka shi a kofi ɗaya, ya zuba ram na kullum mai irin wannan salo da ƙarfi a wani kofin, ba ka san wanne ne wanne ba. In ba ka iya bambantawa ba, ko ka zaɓi na kullum, ka sami amsarka.

Tambaya: Na buɗe sabuwar kwalba na ji warin jiƙaƙƙen kwali. Wata kuma da ta daɗe a buɗe ta zama lami. Me ya faru?

Amsa: Na farkon daga abin toshe kwalbar ne. Ɓawon itacen da ake yin sa yakan ɗauki wani sinadari da ake kira TCA, wanda ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa ya ɓata kwalba. Ba ya fita ko an bar ta a buɗe, kuma ruwa yana ƙara fito da shi. Mayar da ita inda ka saya. Ka bambanta shi da wasu aibobin: warin ashana da aka kyasta ko ruɓaɓɓen ƙwai na farar wuta ne, daga tacewa ko daga ganga, kaifi irin na man goge farce yana nuna an bar farkon abin da ya fito daga tukunya ya shiga da yawa, ko da yake a ram ɗin Jamaika kaɗan daga cikinsa hali ne, hamami mai nauyi kuwa na ƙarshen tukunya ne.

Ta biyun iska ce ta cinye ta. Ram ba ya ƙara tsufa a kwalba, amma duk buɗewa tana fitar da ƙamshi, kuma in sararin da ke ciki ya yi yawa abin yana sauri. In ta sauko zuwa sulusi, juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi mai kyau, ta cika har wuya. A ajiye kwalba a tsaye, ba a kwance ba, domin barasa mai wannan ƙarfi tana cin abin toshewar. A nisanta ta da rana da wurin da zafi ke hawa yana sauka.

Tambaya: Nawa ya kamata a ɗanɗana a zama ɗaya, kuma yaya ake rubuta sakamako?

Amsa: Kada su wuce huɗu, 'yar'uwa, kuma a fara da marar nauyi a ƙare da mai yawan esta, don in kika fara da na Jamaika sauran duk za su zama kamar ruwa. Tsakanin kowane biyu a kurkure baki, a huta minti biyar. Ki yi lissafin abin da ke shiga jiki: mililita 25 a ƙarfin 54.5 yana ɗauke da kusan giram 11 na tsantsar barasa, rabon matuƙin nan na mililita 71 kuwa ya kai giram 30. Shi ya sa masu wannan sana'a ke ajiye kwanon tofarwa a gefe, kuma tofarwa ba ta rage komai daga hukunci tunda hanci ne ke yin yawancin aikin. Ba a yi da yunwa, ba a tuƙi bayansa, mai ciki da mai shan maganin da bai jituwa da barasa ba sa shiga.

Wajen rubutu, ki sa sunan kwalba, ƙarfi, ranar da aka buɗe ta da yawan ruwan da kika ƙara. Sannan hanci, baki, ƙarshe, da daidaito, kowanne da kalmomin abin da kika sani da gaske. In ba ki taɓa sansana abu ba, kada ki aro sunansa daga takardar kamfani. Ki rubuta kafin ki karanta ra'ayin kowa. Maki kuwa kada ki ba da shi a ranar farko: ki sake zama da kwalbar bayan mako biyu, a irin wannan lokaci da irin wannan kofi, domin ram mai ƙarfi yakan sassauta bayan an buɗe shi, kuma abin da ya bayyana a zama biyun duka shi ne za ki ɗora makin a kai.